Tarihin Lamba 2,147,483,647

Lamba 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, tana cikin lambobi ƙalilan da suke da tarihi nasu na kansu. Alƙaluma goma gare ta. Da mutum zai zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shekara 68 kafin ya iso gare ta. Amma ba girma ne ya ɗaukaka ta ba, domin yawan mutanen duniya a yau ya ninka ta fiye da sau uku. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne babu lambar da ke raba ta daidai ba saura, in ban da ɗaya da ita kanta. Irin waɗannan lambobi, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13, su ne gagara-rabo, kuma duk sauran lambobi daga ninka su da juna ake samun su. Gane cewa 13 gagara-rabo ce aikin ɗan firamare ne. Gane haka game da wannan lamba kuwa sai da ya ci masana shekara 169, daga 1603 da aka buga da'awar cewa gagara-rabo ce a littafi zuwa 1772 da aka kawo hujja.

Asalinta ninki ne. In aka jera biyu guda 31 ana ninka su da juna, sakamakon shi ne 2,147,483,648, sai a debe ɗaya. Shi ya sa ake rubuta ta a taƙaice 2³¹ − 1. Tsohon labarin nan na wanda ya ƙago wasan shaɗaranji, wanda Ibnu Khallikan ya kawo a ƙarni na 13, yana nuna yadda take taruwa. An ce mutumin ya roƙi sarki ladan ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon wasan, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Jimillar allon duka ita ce 18,446,744,073,709,551,615. In kuwa aka tsaya a gida na 31, saura gida ɗaya a kai rabin allon, ƙwayoyin da suka taru su ne 2,147,483,647 cif. Haka kowace jimilla ta wannan jeri take: 1 da 2 uku, a ƙara 4 bakwai, a ƙara 8 sha biyar, a ƙara 16 talatin da ɗaya, kullum ɗaya ce ta rage a kai ninki na gaba.

Waɗanda suka fara bin sawun waɗannan jimilloli ba gagara-rabo suke nema ba. Cikakkiyar lamba suke nema, wato lambar da in aka tara duk ƙananan lambobin da ke raba ta sai a dawo kanta. Shida tana rabuwa da 1 da 2 da 3, jimillarsu shida. Haka 28, wadda 1, 2, 4, 7 da 14 ke rabawa. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya rufe kashi na tara na babban littafinsa na lissafi da wata ƙa'ida: a yi ta tara ninkin nan daga ɗaya, duk inda jimillar ta zama gagara-rabo, a ninka ta da lambar ƙarshe da aka tara, abin da ya fito cikakkiyar lamba ce. Jimilla 3 sau 2 ta ba da 6. Jimilla 7 sau 4 ta ba da 28. Jimilla 31 sau 16 ta ba da 496, sannan 127 sau 64 ta ba da 8,128. Daga nan aka san hanya, sai dai hanyar tana da shinge guda: dole a tabbatar jimillar gagara-rabo ce, kuma jimillar tana ninka kanta a kowane taki.

Wajen shekara ta 100 miladiyya Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, ya kasa lambobi gida uku bisa wannan ma'auni. Akwai wadda jimillar masu raba ta ba ta kai ta ba, kamar 8, ita ce tauyayyiya. Akwai wadda jimillar ta zarce ta, kamar 12, ita ce mai rara. Sai cikakkiya a tsakani. Ya kawo guda huɗun nan, ya kuma faɗi abubuwa a kansu ba tare da hujja ba, ciki har da cewa suna ƙarewa da 6 da 8 bi da bi. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar da littafin Larabci, kuma masana lissafi na duniyar Musulmi suka ɗora a kai. Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa ƙa'idar Yuklid ta tattare duk cikakkun lambobin da ke rabuwa gida biyu. A ƙarni na 13 Ibnu Fallus ya jera lambobi goma da ya ce cikakku ne. Bakwai na farko daidai suke, ukun ƙarshe kuskure. Samun bakwai daidai a wancan zamani ba ƙaramin aiki ba ne, don ta biyar kaɗai 33,550,336 ce, ta shida kuma 8,589,869,056. Su biyun duk da 6 suka ƙare, abin da ya rushe zancen Nikomakus na bi da bi.

A Turai an daɗe ana kwafar kuskure daga littafi zuwa littafi. An san cewa in adadin ninkin, wato yawan biyun da aka ninka da juna, yana rabuwa, jimillar ma za ta rabu: 2⁴ − 1 sha biyar ce, uku sau biyar, 2⁶ − 1 sittin da uku ce, bakwai sau tara. Sai wasu suka ɗauka in adadin ninkin gagara-rabo ne, magana ta ƙare. A 1536 Hudalricus Regius ya nuna ba haka ba ne, domin 2¹¹ − 1, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. Tun daga lokacin ya tabbata cewa kowace lamba sai an gwada ta ita kaɗai.

Pietro Cataldi, malamin lissafi a birnin Bologna na Italiya, shi ne ya ɗauki wahalar gwajin da gaske. Ya gane cewa ba sai an raba lamba da duk abin da ke ƙasa da ita ba. In lamba tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce tushenta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za a sami wadda ake gwadawa. Ya tsara jadawalin gagara-rabo har zuwa wajen 750, ya zauna yana rabawa ɗaya bayan ɗaya. Da haka ya tabbatar a 1588 cewa 131,071 da 524,287, wato 2¹⁷ − 1 da 2¹⁹ − 1, gagara-rabo ne. Ta biyun tushenta 724 ne da 'yan kai, don haka sai da aka bi gagara-rabo 128 kafin a huta. Wannan aiki ne mai tsabta, kuma ya tsaya har yau. Amma a littafinsa kan cikakkun lambobi da ya fito a 1603, Cataldi ya ƙara taki ɗaya inda jadawalinsa bai kai ba: ya ce adadin ninki 23, 29, 31 da 37 ma suna ba da gagara-rabo. Uku daga cikin huɗun kuskure ne. Ta 31 kaɗai ta dace, kuma dacewa ce kawai, don da hanyarsa sai an bi gagara-rabo 4,792 da ke ƙasa da 46,341 kafin a iya cewa komai game da 2,147,483,647. Bai yi wannan ba, ba kuma wanda ya yi a zamaninsa.

Mutumin da ya rage wannan nauyi lauya ne a birnin Toulouse na Faransa, Pierre de Fermat, wanda lissafi abin sha'awarsa ne bayan aikin kotu. A 1640, cikin musayar wasiƙu da Marin Mersenne da Frénicle de Bessy kan cikakkun lambobi, ya gano cewa masu raba irin waɗannan lambobi ba barkatai suke zuwa ba. In adadin ninkin gagara-rabo ne sama da biyu, duk gagara-rabon da zai raba lambar dole ya kasance ninkin adadin sau biyu, ko riɓinsa, da ƙarin ɗaya. Misalin Regius ya nuna haka: 11 sau biyu 22, a ƙara ɗaya 23; 22 sau huɗu 88, a ƙara ɗaya 89. Da wannan ƙa'ida Fermat ya waiwayi da'awar Cataldi. Ga 23, abin gwadawa na farko shi ne 46 da ɗaya, wato 47, kuma nan take ta raba: 8,388,607 ita ce 47 sau 178,481. Ga 37, jerin ya fara da 75, wadda ba gagara-rabo ba ce, sai 149, wadda ba ta raba ba, sai 223, wadda ta raba 137,438,953,471 ta bar 616,318,177 ba saura. Lamba mai alƙaluma goma sha biyu ta faɗi a gwaji na biyu. Daga cikin wannan bincike ne ƙaramar ƙa'idar Fermat ta fito, wadda ya rubuta wa Frénicle a watan Oktoba na shekarar, kuma har gobe tana cikin ginshiƙan ilimin lambobi.

Sunan da ya bi waɗannan lambobi dai ba na Cataldi ba ne, ba kuma na Fermat ba. Mersenne, limamin Katolika da ke zaune a Paris, wanda aka haifa a 1588, shi ne mahaɗar masanan Turai a zamanin da babu mujallun kimiyya: wannan ya rubuto masa, shi kuma ya isar wa wancan. A gabatarwar wani littafinsa na 1644 ya ce daga cikin adadin ninki har zuwa 257, waɗanda ke ba da gagara-rabo su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma ba zai iya ba. Daga baya an gano 67 da 257 kuskure ne, an kuma gano ya tsallake 61, 89 da 107. Duk da haka jerin ya yi amfani, domin ya ba masana abin bi na kusan shekara ɗari uku, shi ya sa har yau ake kiran duk lamba mai siffar 2ⁿ − 1 lambar Mersenne. A jerinsa, 31 ita ce ta farko da ba a tabbatar ba. Mutum biyu ke nan suka ce 2,147,483,647 gagara-rabo ce, kuma dukansu sun yi kuskure a maƙwabtanta, don haka maganarsu ba ta isa shaida ba.

Leonhard Euler, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707, ya shiga maganar tun yana saurayi a St. Petersburg. A wata maƙala da ya rubuta a 1732, aka buga a 1738, ya kayar da ta 29 daga cikin huɗun Cataldi. 536,870,911 ita ce 233 sau 1,103 sau 2,089. Ya kuma kammala abin da Ibnul Haisam ya faro, ya tabbatar cewa duk cikakkiyar lamba da ke rabuwa gida biyu ta hanyar Yuklid take fitowa, ko da yake sai a 1849 aka buga wannan hujja, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Ta 31 kuwa ta daɗe tana masa gardama. A 1752 ya rubuta wa abokinsa Christian Goldbach cewa cikakkun lambobi bakwai ya sani tabbas, ta takwas bai yanke hukunci a kanta ba. Wannan taka-tsantsan shi ne ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi.

Shekara ashirin bayan haka ya warware ta, a cikin halin da wani zai ajiye alƙalami. Ya koma St. Petersburg daga Berlin a 1766. A 1771 gobara ta cinye gidansa, aka kuma yi masa aikin ido wanda bai ɗore ba, har ganinsa ya kusa ƙarewa ɗungurum, ya koma yin lissafi a ka yana shifta wa 'ya'yansa da mataimakansa. A 1772, yana da shekara 65, ya aika wa ɗaya daga zuriyar Bernoulli wasiƙar da ke ɗauke da sakamakon, aka buga wani yankinta a mujallar cibiyar kimiyya ta Berlin.

Dabararsa ta cancanci a bi ta daki-daki. Ƙa'idar Fermat ta ce mai raba 2³¹ − 1 dole ya zama riɓin 62 da ƙarin ɗaya. Euler ya ƙara sharaɗi na biyu: duk gagara-rabon da ke raba irin wannan lamba, in aka raba shi da takwas, saurarsa ɗaya ce ko bakwai. In aka haɗa sharuɗɗan biyu, abin da ya rage shi ne lambobin da suke riɓin 248 da ƙarin 1, ko riɓin 248 da ƙarin 63. Daga nan zuwa 46,341 irin waɗannan ba su kai 400 ba, kuma yawancinsu masu rabuwa ne, ba sai an gwada su ba. Jerin ya fara da 63, bakwai sau tara, a wuce. Sai 249, uku sau 83, a wuce. Sai 311, gagara-rabo ta farko a jerin. A raba 2,147,483,647 da 311, za a sami 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ba. Daga nan 497, 559, 745, 807, 993, 1,055 da 1,241 duk masu rabuwa ne, sai a 1,303 za a sake ɗaukar alƙalami, sannan 1,489. Da haka gwaji 4,792 ya koma ƙasa da ɗari, kuma babu ko ɗaya da ya raba. Abin burgewa a nan ba juriyar rabawa ba ce, Cataldi ma yana da ita. Tunanin da ya gabaci rabawar ne, wanda ya zubar da fiye da kashi 97 cikin ɗari na aikin kafin a fara.

Da wannan hujja lambar ta sami gurbinta a rukunoni da dama. Ita ce gagara-rabon Mersenne ta takwas, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Ta haifi cikakkiyar lamba ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, mai alƙaluma 19, wadda lambobi 62 ke rabawa in aka haɗa da ita kanta, kuma wadda ita ce jimillar duk lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647. Ita kanta tauyayyiya ce matuƙa, kamar kowace gagara-rabo, tunda ɗaya ce kawai ke raba ta a ƙasa da ita. A jerin gagara-rabo gaba ɗaya, in aka fara daga 2, ita ce ta 105,097,565. Mara ce, ba cika ba. In aka raba ta da huɗu saura uku, saboda haka ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ba, wato lambobi biyu da kowace aka samu daga ninka wata lamba da kanta. In aka raba ta da takwas saura bakwai, saboda haka murabba'i uku ma ba za su isa ba, sai huɗu, adadin da masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa yana isar kowace lamba. Maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, akasinta ce wajen rabuwa, don ta tashi ne daga 2 sau 3 sau 3 sau 7 sau 11 sau 31 sau 151 sau 331.

Rukunin da ya fi ƙaranci shi ne na Mersenne mai hawa biyu. Adadin ninkinta, 31, shi ma lambar Mersenne ce, 2⁵ − 1. Gagara-rabo huɗu kacal aka sani masu wannan siffa: 7, wadda adadin ninkinta 3 ne, 127, wadda nata 7 ne, 2,147,483,647, sai 2¹²⁷ − 1. An gwada hawa na gaba, wato a mai da 2,147,483,647 kanta adadin ninki, aka tarar lambar da ta fito tana rabuwa.

A 1811 Peter Barlow, masanin lissafi ɗan Ingila, ya rubuta a littafinsa kan ilimin lambobi cewa da wuya a sami cikakkiyar lamba da ta wuce ta Euler, domin a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai ɓata lokaci a kai. Ana yawan ambaton wannan magana don a nuna kuskurensa, amma a yi masa adalci: da kayan aikin zamaninsa, hasashen ya yi shekara fiye da hamsin bai karye ba. A 1867 Fortuné Landry ya fitar da gagara-rabo mai alƙaluma 13, wato 3,203,431,780,337, ya kawo ƙarshen shekara 95 da lambar Euler ta yi tana kan gaba. A 1876 Édouard Lucas ya zo da hanyar da ba ta buƙatar rabawa da kowa, ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1 mai alƙaluma 39, wadda har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu. A 1883 Ivan Pervushin, limamin coci a Rasha, ya sami ta 61, wadda ta ba da cikakkiyar lamba ta tara. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna wa taron masana lissafi a New York cewa 2⁶⁷ − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Hanyar Lucas, wadda Derrick Lehmer ya gyara a wajen 1930, gajeriya ce ƙwarai. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a debe biyu, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, a maimaita. Ga 31: daga 4 a sami 14, 14 sau 14 a debe biyu 194, saura 8, 8 sau 8 a debe biyu 62, saura sifiri. Sifiri a taki na uku shi ne shaidar cewa 31 gagara-rabo ce. Ga 2,147,483,647 taki 29 ake bukata. Da kwamfuta ta zo, wannan hanya ta buɗe ƙofa: a 1952 Raphael Robinson ya sami sababbi biyar a shekara ɗaya da na'urar SWAC. Daga 1996 masu sa kai a duniya suka haɗa kwamfutocinsu ta intanet a shirin GIMPS, kuma a watan Oktoba na 2024 Luke Durant ya sami ta 52 da aka sani, mai adadin ninki 136,279,841 da alƙaluma 41,024,320.

A nan ya kamata lambar Euler ta koma littattafan tarihi, sai kwamfutar da ta tsere mata ta ba ta aiki. Kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kowane gurbi ɗaya daga cikin biyun yake ɗauka. Tun daga injinan IBM System/360 na 1964, sannan na'urar sarrafawa ta Intel 80386 ta 1985, ajiye lamba a gurbi 32 ya zama ruwan dare. Gurbi ɗaya ana ware shi don nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa, saura 31. In aka cika su duka da ɗaya, abin da ya fito shi ne jimillar gidaje 31 na allon shaɗaranji, 2,147,483,647. Ita ce iyaka. In aka ƙara ɗaya a kanta, a yawancin injina ƙirgan yakan kifa ya koma −2,147,483,648.

Kasancewarta gagara-rabo ma ya sami amfani kai tsaye. Lehmer ya ƙago hanyar samar da lambobin da suka yi kama da na ƙuri'a, waɗanda ake bukata wajen kwaikwayon gwaje-gwaje: a ninka lamba da wani adadi, a raba da wata babbar lamba, a riƙe saura. A 1969 Lewis da Goodman da Miller suka zaɓi ninkawa da 16,807, wato bakwai guda biyar a ninke, da rabawa da 2,147,483,647. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce kuma an zaɓi adadin da kyau, jerin yana ratsa duk lambobi 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. A 1988 Park da Miller suka ba da shawarar a ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin ma'aunin da za a yarda da shi, kuma ya shiga manhajoji masu yawa.

Iyakar kuwa ta sha bayyana a fili. A watan Disamba na 2014 YouTube ya sanar cewa masu kallon bidiyon waƙar Gangnam Style sun wuce wannan adadi, kuma an faɗaɗa ma'ajin ƙirgan zuwa gurbi 64. A 2015 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya ɗaukewa in aka bar su a kunne kwana 248 a jere, saboda cikar wani ma'ajin ƙirga; in ana ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kwana 248 da rabi ne ke kai ƙirgan ga wannan iyaka. Ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonnin imel suka maƙale a injinan Microsoft Exchange na wurare da yawa, saboda an rubuta kwanan wata a matsayin lamba 2,201,010,001, wadda ta fi ƙarfin ma'ajin.

Babbar ranar tana gaba. Tsarin kwamfuta na Unix da 'ya'yansa suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga farkon 1 ga Janairu 1970. Shekara 68 ɗin za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, wato 4:14:07 a Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, duk injin da bai sami gyara ba zai ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce. Kwamfutoci da wayoyin zamani sun koma gurbi 64, wanda zai ɗauki lokaci na kimanin shekara biliyan 292, kuma tun 2020 Linux ya ba injina masu gurbi 32 damar yin haka. Inda damuwar take shi ne ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injinan masana'antu da motoci da mitoci, waɗanda ake sa wa hannu sau ɗaya a bar su shekara ashirin ko talatin.

Sabuwar iyakar, 9,223,372,036,854,775,807, ba gagara-rabo ba ce, domin adadin ninkinta 63 yana rabuwa; bakwai ma tana raba ta. Haka iyakar gurbi 16, wato 32,767, ita ce 7 sau 31 sau 151. Dalilin da ta gurbi 32 ta fita daban yana cikin rukunin nan mai hawa biyu. Faɗin ma'aji ninkin biyu ne, in aka cire gurbin alama abin da ya rage lambar Mersenne ce, iyakar kuma ta zama Mersenne a kan Mersenne. Saboda haka iyakar gurbi 4 ita ce 7, ta gurbi 8 ita ce 127, ta gurbi 32 lambar Euler, ta gurbi 128 kuma lambar da Lucas ya tabbatar a 1876.